Juyin Juya Hali a Fagen Siyasa da Binciken Kimiyya a Ƙasar Katsina

Gabatarwa

Kalmar juyin juya hali tana yawan fitowa a rediyo da jaridu, wani lokaci ana nufin faɗuwar wata daula, wani lokaci kuma ana nufin sabon magani ko sabon iri da masana suka gano. A wannan shafi mun tattaro bayani a kan ma'anar kalmar, da kuma manyan sauye-sauyen da ƙasar Katsina ta gani a fagen mulki da fagen ilmi, musamman yankin Dutsin-Ma da Kurfi, domin amfanin manoma da makiyaya, dagatai da masu unguwanni, kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi.

Abin da tarihinmu ya nuna shi ne, juyin juya hali, na siyasa ne ko na kimiyya, yawanci yakan faro daga birni, ko fagen fama, ko ɗakin gwaje-gwaje, amma ba ya tabbata sai ya isa ƙauye ya sauya abin da talaka yake biya, da abin da yake shukawa, da ruwan da yake sha. Tsakanin farowar da isowar akan sami shekaru masu yawa, kuma a nan ne aikin shugabannin karkara yake.

Ma'anar juyin juya hali

Ya kamata mu bambanta abubuwa uku da akan cuɗanya. Na farko shi ne juyin mulki, wato a tunɓuke shugaba da ƙarfi a ɗora wani, alhali tsarin yana nan yadda yake. Nijeriya ta ga irin wannan sau biyu a 1966, sannan a 1975, da 1983, da 1985, da 1993. Na biyu shi ne gyara, wato hukuma da kanta ta sauya wata doka ko wani sashe na aikinta. Na uku shi ne juyin juya hali, inda ake sauya tushen da mulki ya dogara a kansa: wa ya cancanci ya yi mulki, da wace doka, kuma ga wa zai ba da ba'asi. Idan muka kwatanta da gida, juyin mulki sauya maigida ne, gyara kuma yaɓe ne da sabuwar jinka, shi kuwa juyin juya hali sabon harsashi ake haƙawa.

Misalan da aka fi ambata a duniya sun haɗa da na Amurka a 1776, da na Faransa a 1789 wanda ya rushe fifikon gidajen sarauta, da na Haiti inda bayi suka yi bore a 1791 har suka kafa ƙasarsu a farkon 1804, da na Rasha a 1917, da na Sin a 1949. Ruwa ba ya tsami banza. A kusan dukkansu akan tarar da nauyin haraji, da rashin adalci wajen shari'a, da raunin masu mulki, da kuma wani sabon tunani da malamai ko marubuta suka daɗe suna yaɗawa kafin a kai ga faɗa.

Jihadin 1804 da ƙasar Katsina

Babban juyin juya halin siyasa da ƙasar Hausa ta gani shi ne jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jagoranta. An haifi Shehu a 1754, ya kuma shafe kimanin shekara 30 yana karantarwa da wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi kafin a zare takobi. Ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, sannan Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808.

Ƙorafin jama'ar Shehu bai tsaya ga sha'anin ibada kaɗai ba. Littafin Kitabul Farƙi ya lissafa abubuwan da ake zargin sarakunan lokacin da su, ciki har da jangali, da kuɗin gari, da gaisuwar da akan kai wa mai mulki kafin a sami biyan bukata, da ɗibar kayan 'yan kasuwa, da yanke hukunci bisa son rai. Wannan ne ya sa makiyaya da talakawa da dama suka amsa kiran.

A ƙasar Katsina mutum uku ne suka jagoranci jihadin: Malam Ummarun Dallaje, da Malam Ummarun Dumyawa, da Malam Muhammadu Na Alhaji. Malaman ƙasar ba su zama tsintsiya ɗaya ba, domin da yawa daga na 'Yandoto, tsohon garin ilmi, ba su goyi baya ba, har aka ci garin da yaƙi. Birnin Katsina ya shiga hannun masu jihadi wajen 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki har zuwa 1835. Tsohon gidan sarauta ya ja zuwa Ɗankama, daga bisani ya kafu a Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Zuriyar Na Alhaji ce ta riƙe sarautar 'Yanɗaka, wadda ita ce sarautar hakimin Dutsin-Ma, kamar yadda hakimin Kurfi yake riƙe da sarautar Maraɗin Katsina.

Abin da ya sauya shi ne tushen iko. Sarki ya koma yana karɓar naɗi daga Sakkwato, ana kuma auna shi da shari'a, har ma a iya sauke shi, kamar yadda aka sauke Sarkin Katsina Siddiƙu a 1844. Rubuce-rubuce sun yawaita cikin Larabci da Fulatanci da Hausar ajami. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis, wato shugabannin mata, kan zo su ɗauki karatu su koma su karantar da matan ƙauyuka. Wannan na daga cikin hanyoyin da manufar jihadin ta isa karkara da gaske.

Sai dai kuma akwai abin da bai sauya ba. Jangali da kuɗin ƙasa sun ci gaba, bauta ta ci gaba, yaƙe-yaƙe tsakanin Katsina da Maraɗi kuma suka cinye mafi yawan ƙarni na 19, har garuruwa da dama a yammacin ƙasar, wajen Ruma, suka watse suka koma daji. An ci birni cikin shekara uku, amma sauƙin da manomi da makiyayi suka sa rai a kansa ya daɗe bai iso ba.

Daga En'e zuwa ƙaramar hukuma

Zuwan Turawan Ingila a 1903 mamaya ce daga waje, amma ta sake fasalin mulkin karkara. An yanka ƙasa gunduma-gunduma, hakimai suka bar birni suka tare a gundumominsu, aka buɗe baitulmali, haraji ya koma na tsabar kuɗi. A 1906 aka naɗa Muhammadu Dikko Sarkin Katsina, sarauta ta koma gidan Sulluɓawa. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta yaye da yawa daga shugabannin Arewa na farko, ciki har da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Tambayar nan ta wa ya cancanci ya yi mulki ta sake tasowa a 1950, lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Kiranta shi ne talaka ya sami bakin magana a kan yadda ake mulkinsa, kuma magoya bayanta da yawa sun sha ɗauri a kan haka. Amsar ta zo sannu a hankali. An sami 'yancin kai a 1960. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi garambawul ɗin ƙananan hukumomi a duk ƙasa, aka kafa ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, kuma a wannan shekara ce matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. A zaɓen 1979, wanda Alhaji Ahmadu Kurfi ya riƙe sakataren hukumar da ta shirya shi, jam'iyyar PRP ta ci gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina take ciki a lokacin, Gwamna Balarabe Musa kuma ya sanar da soke haraji da jangali. Ke nan jangalin da aka yi kuka da shi a farkon ƙarni na 19 bai bar makiyayi ba sai a shekarun 1970.

An ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumban 1987, tana da ƙananan hukumomi 34 a yau. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su jagorance su. Ko wannan hukunci zai zama rijiya da asibiti da hanya, ya danganta ga yadda aka aiwatar da shi da kuma yadda jama'a suka sa ido.

Juyin juya hali a fagen kimiyya

Kamar yadda mulki yake da tushe, haka ilmi yake da tushe. Wani masani ɗan Amurka, Thomas Kuhn, ya bayyana a 1962 cewa masu bincike kan daɗe suna aiki a ƙarƙashin fahimta ɗaya da kowa ya yarda da ita. Idan gwaji ya kawo abin da ya saɓa mata, da farko sai a yi ta yaɓe. Idan saɓanin ya yi yawa har yaɓe ya kasa, sai wata sabuwar fahimta ta maye gurbinta, galibi bayan doguwar jayayya. Wannan shi ne juyin juya hali na kimiyya. Bambancinsa da na siyasa shi ne, ba takobi ko ƙuri'a ke raba gardamarsa ba, gwaji ne da kowa zai iya maimaitawa ya ga sakamako iri ɗaya. Hausawa sun taƙaita wannan ƙa'ida da cewa gani ya kori ji.

Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya nuna ta hanyar gwaji cewa haske ne yake shiga ido har a gani, saɓanin tsohon zaton cewa ido ne ke fitar da haske. A 1543 Copernicus ya wallafa cewa duniya ce ke kewaya rana, Galileo ya ƙarfafa wannan da madubin hangen nesa daga 1609, Newton kuma ya fito da lissafin tafiyar taurari da faɗuwar abubuwa a 1687.

Ƙasar Katsina ba baƙuwa ba ce a fagen lissafi da nazari. Garin Wali ɗan Marina da Wali ɗan Masani shi ne kuma ya fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rubuta littafi a 1732 a kan hanyoyin tsara hatimi, wato gidajen lissafi da jimillarsu takan zo daidai ta kowane ɓangare. Ya karantar a Masar, ya rasu a Alƙahira a 1741, masana tarihin lissafi kuma suna nazarin aikinsa har yanzu.

Cututtukan mutane da na dabbobi

Juyin juya halin kimiyya da ya fi taɓa rayuwar karkara shi ne gano cewa ƙananan halittu da ido ba ya gani su ne ke haddasa cututtuka da yawa. Louis Pasteur a Faransa da Robert Koch a Jamus su ne suka tabbatar da haka. Koch ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882. A 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro a ƙasar Indiya. Sunan da muke kiran cutar da shi a yau, zazzaɓin cizon sauro, shaida ne cewa wannan ilmi ya shiga harshenmu. Ga misalai huɗu na yadda irin wannan bincike ya iso mu.

Agana. An san lambar agana tun 1796, amma cutar ta ci gaba da kisa da makantarwa a ƙasar Hausa har sai da aka yi gangamin lamba gari-gari daga 1967, tare da taimakon sarakuna da dagatai. Nijeriya ta ga mai agana na ƙarshe a 1970, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanar da ƙarewar cutar a 1980.

Bushiya. Wannan annoba ta halaka mafi yawan shanun yankinmu wajen 1890. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom ta soma aiki a 1924, kuma daga 1962 aka yi gangamin rigakafi na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Da cutar ta lafa sai aka yi sakaci da yi wa maruƙa allura, ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi mummunar ɓarna. Sai a 2011 aka tabbatar da ƙarewarta a duniya. Allurar tana nan tun farko. Abin da ya yanke shi ne kai ta ruga kowace shekara.

Kurkunu. Bincike ya nuna cewa 'ya'yan tsutsar suna cikin wasu ƙananan ƙwari na ruwan tafki da kududdufi. Babu allura, babu ƙwaya. Maganin shi ne tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwon shiga tafki, da haƙa rijiyoyi. A 1988 an ƙidaya masu cutar fiye da 650,000 a Nijeriya. 'Yan sa kai na ƙauyuka ne suka riƙe aikin, har aka ga na ƙarshe a 2008, aka ba ƙasar takardar shaida a 2013.

Shan inna. A 2003 da 2004 an dakatar da rigakafi a wasu jihohin Arewa saboda zargin cewa akwai cutarwa a cikinsa, cutar kuwa ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Zargin bai taso haka kawai ba: mutane ba su manta da gwajin maganin da wani kamfanin ƙasar waje ya yi a kan yara a Kano ba, lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Darasi a nan shi ne, binciken da aka yi ba da sani da yardar jama'a ba yana rushe amana. Da sarakuna da malamai suka shiga gaba, musamman bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a 2009, al'amari ya juya, har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar ranar 25 ga Agustan 2020. Har yanzu ana ci gaba da rigakafi, domin wani nau'inta yana ɓulla a wuraren da yara da yawa ba su samu ba.

Gona, ruwa da itatuwa

Binciken noma a Arewa ya faro ne a Samaru ta Zariya a 1922, cibiyar kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Bayan farin 1972 zuwa 1974, da annobar da ta tsumburar da gyaɗa a 1975, masana sun duƙufa wajen samar da iri mai nuna da wuri kuma mai jure cuta. Daga nan ne aka sami jerin irin gyaɗa na SAMNUT, da na dawa SAMSORG, da na masara SAMMAZ, da na wake SAMPEA.

A ƙasashen Asiya, haɗa ingantaccen iri da taki da ban ruwa ya ninka amfanin alkama da shinkafa a shekarun 1960, abin da aka kira juyin juya halin noma. A wajenmu, shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya ya kawo taki da hanyoyin karkara da malaman gona, ya mai da masara daga shukar bayan gida zuwa babban amfanin kudancin Katsina, ko da yake manyan manoma sun fi ƙanana cin moriyarsa. Gwamnatin Shehu Shagari ta ƙaddamar da nata shirin a 1980, kuma a zamaninta aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa, kudu da Dutsin-Ma, a 1983. Ruwa ya taru, amma magudanan ban ruwa da bututun kai shi garuruwa sun yi shekaru ba a gama su ba. Sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe. Babu misalin da ya fi wannan nuna mana nisan da ke tsakanin ginin injiniya da randar uwar gida.

Akwai kuma sauyin da ya faro daga gona ya tafi sama. A jihar Maraɗi, daga 1983, manoma suka fara barin tohon kututturan gawo da kalgo da sabara a gonakinsu, suna zaɓen rassa masu ƙarfi suna rage sauran, maimakon sassabe su duka. Wannan dabara, da ake kira sassaben zamani, ta bazu daga manomi zuwa manomi, har masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ta yi ƙarfi ne sa'ad da manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, wato sa'ad da dokar daji da ilmin gona suka tafi tare.

Abin da ya rataya a wuyanmu

A yau cibiyoyin ilmi sun matso kusa. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a nan Dutsin-Ma. Sai dai matsalar tsaro da ta addabi yammacin jihar ta hana malaman gona da na lafiya isa wasu ƙauyuka, ta kuma raba manoma da dama da gonakinsu. Wannan ya ƙara nauyin da ke kan waɗanda suke zaune tare da jama'a.

Ga jami'in ƙaramar hukuma, tarihin bushiya da na Zobe sun isa gargaɗi cewa ranar ƙaddamarwa ba ita ce ƙarshen aiki ba: a ware kuɗin gyaran famfo, a riƙe rajistar haihuwa da ta rigakafi, a kuma liƙa lissafin kuɗin hukuma inda kowa zai gani. Ga dagaci da mai unguwa da limami, tarihin agana da shan inna ya nuna cewa jama'a da bakinsu suke amsa kira, don haka haƙƙinsu ne su nemi cikakken bayani kafin su yi shela, su kuma tabbatar an nemi yardar mutane kafin duk wani gwaji. Ga manomi da makiyayi kuwa, ƙa'idar kimiyya a buɗe take gare shi: idan an kawo sabon iri, ya gwada shi a 'yan kunyoyi kusa da wanda ya saba, ya ba su taki da noma iri ɗaya, da kaka ya auna da mudu ɗaya, sannan ya yanke shawara. Haka kuma ya kamata ya auna wanda ya zaɓa, da abin da ya iso ƙauye tsakanin zaɓe da zaɓe.